Ma'anar *get* ta wuce "samu" nesa ba kusa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ɗan fili in yi tsokaci a kan shafinku na koyon Turanci, wanda ba na bari ya wuce ni ko da ban samu karanta sauran jaridar ba. A fitowar da ta gabata an jero kalmomin aikatau na Turanci, kowace da fassararta a gefe, sai na ga a gaban *get* an rubuta kalma ɗaya tilo: samu. Ban ce an yi ƙarya ba. Amma tun da idona ya faɗa kan layin nan hankalina ya ƙi kwanciya, domin irin wannan fassarar ce ta taɓa sa na wahalar da wata baiwar Allah marar lafiya, kuma har gobe abin yana ci mini rai.

Na yi shekaru ina aikin tafinta a wani asibiti, tsakanin likitoci baƙi da ba sa jin Hausa da majinyata da ba sa jin Turanci. Ban fi mako guda da kama aiki ba, wani magidanci ya kawo matarsa, zazzaɓi ya kada ta, ko tsayuwa ba ta iyawa sai an riƙe ta. Likita ta duba ta, ta rubuta magani, ta miƙo takardar tana cewa: *Get her to take this twice a day.* Kunnena ya cafke kalmomi biyun farko, *get her*, ya tsaya nan. A makaranta an koya mini cewa *get* samu ce, in an matsa a ce ɗauko ko kawo, kamar *get the book*, ɗauko littafin. Ke nan *get her* kawo ta. Na juya wajen mijin na ce, "Malam, likita ta ce ka riƙa kawo ta tana shan wannan sau biyu a rana." Ya yi jim, ya dubi matar, ya ce, "To." Washegari da safe sai ga shi ya tallafo ta. Da yamma ya sake dawowa da ita. Haka ma kashegari. A zuwansu na huɗu ne likitar ta fito ta gan su zaune a kan benci, matar ta jingina kai da bango, leɓɓanta sun bushe, gyalenta ya jiƙe da gumi. Ta tambaye ni me ya dawo da su, ko jikin ne ya tsananta. Da na maimaita mata abin da na faɗa wa mijin, sai ta dafe kai. Abin da take nufi shi ne ya lallaɓa ta, ya tabbatar tana shan maganin sau biyu a rana, a gida, a kan shimfiɗarta. Ba wanda ya ce a fito da ita. Ni da bakina na je na ba mutumin nan haƙuri, na gaya masa laifina ne. Ya ce, "Ba komai, samun lafiyarta shi ne." Da zagina ya yi, da abin ya fi mini sauƙi.

Da na koma gida na zauna ina juya jimlar, sai na ga babu kalma ko ɗaya a cikinta da ban sani ba. Na san *get*, na san *her*, na san *to*, na san *take*. Abin da ba a taɓa gaya mini ba shi ne *get* ba ta bayyana nufinta sai ka ga abin da ya biyo bayanta. Ni kuwa na yanke mata hukunci tun jimla ba ta kai rabi ba.

Mu Hausawa ne ya kamata mu fi kowa saurin gane wannan, don muna da irinta a bakinmu kullum. Ku ɗauki "ci". In baƙo mai koyon Hausa ya tambaye ka ma'anarta ka ce masa *eat* ka yi shiru, ka cuce shi. Gobe zai ji an ce yaro ya ci jarrabawa, wane ya ci zaɓe, wance ta ci bashi, an ci amanar wancan, an ci wannan tara, wuta ta ci gida, an ci mutuncin dattijo, aiki yana ci gaba. Ina baki da haƙori a cikin waɗannan duka? Haka "sha": an sha wahala, an sha iska, an sha kaye, an sha alwashi, an shawo kan matsala, ba a taɓa kofi ba. Wanda ya buɗe ƙamusun Hausa na Bargery na 1934 ya duba "ci" zai ga bai iya sallamarta da kalma ɗaya ba, sai da ya yi ta jero misalai. Ɗan Bahaushe bai taɓa haddace jerin ma'anonin "ci" ba. Ji ya yi ta yi a cikin jimloli har kunnensa ya saba cewa abin da ke biye da ita shi ke juya ta. To *get* ita ce "ci" ta Turanci, har ma ta ɗara, domin ita ba sunan da ke bayanta kaɗai ke juya ta ba, har da yadda aka gina sauran jimlar.

Kuma ba kalma ba ce da mai koyo zai ce bari in kauce mata. A jerin da masu ƙamusun Oxford suka fitar a 2006 na kalmomin da aka fi amfani da su a Turanci, *get* ce ta biyar a cikin aikatau, bayan *be*, *have*, *do* da *say*. Babban binciken nahawu da Douglas Biber da abokan aikinsa suka wallafa a 1999, wanda suka gina a kan ƙidayar maganganun mutane na zahiri, ya nuna cewa a hira ta baki da baki, in aka ware irin su *be* da *have* da *do* masu tallafa wa wasu, babu aikatau da ya kai *get* yawan fitowa. Tun a 1930 wani masani ɗan Ingila, C. K. Ogden, ya tsara wani taƙaitaccen Turanci mai kalmomi 850 don baƙi, ya bar aikatau 18 kacal a ciki, kuma *get* na daga cikinsu. Dalilinsa shi ne in ka haɗa ta da 'yar ƙaramar kalma sai ta ɗauke aikin manyan kalmomi: maimakon *disembark* ka ce *get off the ship*, maimakon *prepare* ka ce *get ready*. Kalmar da ke ɗauke da irin wannan kaya ba a sallamarta da layi ɗaya.

Bari in bi ta yadda na koye ta daga baya, a bakin aiki.

In suna ne ya biyo ta, a nan ne "samu" ke da gaskiya, amma ko a nan ba kullum ba. *I got your message*, na samu saƙonka. *He got a job*, ya samu aiki. Madalla. Amma *get me a chair* ɗauko mini kujera ne, *I got a cold* mura ce ta kama ni, *get the door* je ka buɗe wa mai ƙwanƙwasawa ne, ba ciro ƙofar ba. Na taɓa ganin wani saurayi mai ɗan Turancin makaranta ya rako mahaifinsa, ya ce ba ya bukatar tafinta. Likita ya yi masa dogon bayani a kan yadda za a riƙa wanke ciwon, sannan ya ce, *Did you get that?* Yaron ya dubi tebur, ya dubi hannuwansa, ya buɗe su ya ce ba a ba shi komai ba tukuna. Likita tambayarsa yake ko ya gane. *I don't get it* na nufin ban gane ba, kuma jimla ce da mai koyo ya kamata ya riƙe tun ranar farko, don za ta fitar da shi kunya sau da yawa.

In sifa ce ta biyo baya, zancen samu ya ƙare. *Get* ta koma nuna cewa abu ya bar halin da yake ya shiga wani. *He got angry*, ya fusata. *It is getting dark*, duhu ya fara yi. *She got old*, ta tsufa. A nan akwai wani tarko da ya fi kama mu Hausawa, kuma ban taɓa ganin an yi bayaninsa a aji ba. Mu da kalma ɗaya muke faɗin shiga hali da zama a cikinsa. "Na gaji" tana iya nufin gajiya ta same ni ɗazu, tana iya nufin a gajiye nake yanzu. Turanci kuwa ya raba su gida biyu: *I got tired* shigar gajiyar ce, *I am tired* zama cikinta ne. *Be* tana tsaye a cikin ɗaki, *get* tana ƙetare bakin ƙofa. Shi ya sa likita zai ce *Is he sick?* in yana son sanin halin da ake ciki, amma *When did he get sick?* in yana neman ranar da abin ya fara. Wurin da Hausa ta raba su shi ne zai taimaki ɗalibi ya gane: "yana da aure" ita ce *he is married*, "ya yi aure" ita ce *he got married*. A lura kuma, *to* ke biyo ta, *she got married to a teacher*, ba *with* ba, duk da cewa harshenmu yana jan mu zuwa *with* saboda "da". Haka "saba": *I am used to it* na riga na saba, *you will get used to it* za ka saba a hankali. In aikatau ne zai biyo wannan, sai ya ɗauki *-ing* a ƙeya. *You will get used to walking with a stick*, za ka saba tafiya da sanda. Na faɗa wa tsofaffi wannan jimlar da Hausa ban san iyaka ba.

In wuri ne ya biyo ta, isa take nufi. *We got to the hospital at six*, mun isa asibiti da ƙarfe shida. *How did you get here?* yaya aka yi ka iso nan, ko da me ka zo. Abin kiyayewa kawai shi ne *home*, *here* da *there* ba sa son *to* a gabansu: *get home*, ba *get to home* ba. Abin hawa kuma ya kasu: *get on* ake yi wa bas da jirgin ƙasa da jirgin sama da keke da doki, a sauka da *get off*, ƙaramar mota kuwa *get in* ake yi mata, a fita da *get out of*.

Yanzu ga wadda ta kayar da ni, kuma ina roƙon ku yi haƙuri in daɗe a kanta. In mutum ne ya biyo *get*, kada ka yi gaggawa, saurari abin da ke bayansa. In jimla ta tsaya a kan mutumin, *get the nurse*, to kirawo ta ne ko nemo ta. Amma in ka ji *to* da wani aikatau sun biyo, *get the nurse to check him*, babu zancen kirawowa, nufin shi ne ka sa ta ta duba shi. Kuma ba sawa ce ta umarni ba. Akwai ɗan lallashi a ciki, akwai ƙoƙari, akwai alamar cewa mai yin zai iya nonnoƙewa. Shi ya sa likitar nan ta zaɓi *get*: ta san mai zazzaɓi ba ta son haɗiyar magani, sai an bi ta a hankali. Turanci yana da kalmomi huɗu da ke aiki a wannan fage, kowace da halinta. *I made him sign*, na tilasta masa ya sa hannu. *I let him sign*, na bar shi ya sa hannu, dama yana so. *I had him sign*, na sa shi ya sa hannu, don ina da ikon sa shi kuma babu gardama. *I got him to sign*, na shawo kansa ya sa hannu. A cikin huɗun nan *get* ce kaɗai ke tafiya da *to*. Sauran ukun ba sa ɗaukarta, kuma kuskuren da na fi ji a bakin masu koyo shi ne su juya abin, su ce *made him to sign* su kuma ce *got him sign*. Duk wanda ya taɓa jinyar yaro ko tsoho ya san bambancin tilastawa da shawo kai, ya san ba ƙaramin abu ba ne. In uwa ta ce *I can't get him to eat*, cewa take na yi na yi ya ƙi ci, kuma duk gajiyarta tana cikin wannan *get* ɗin. Har abin da ba shi da rai ana yi masa: *I can't get the window to open*, tagar ta ƙi buɗuwa. In kuma *-ing* ce ta zo a madadin *to*, tayar da abu ne ya kama aiki, kamar *they got the engine running*, sun samu injin ya tashi.

Ƙanwar wannan ita ce inda abu ke biyo *get*, sannan siga ta uku ta aikatau ta biyo shi, wato irin su *broken*, *taken*, *tested*. *Get your blood tested*, je a gwada maka jini. *I got my phone repaired*, na kai an gyara mini waya. Ma'anar ita ce wani ne ya yi aikin, kai sawa ka yi. A nan ma Hausa tana ja mana, domin mu ba ma damuwa da wannan rabewar. Mutum zai ce na yi aski, na gina gida, na cire haƙori, kowa ya san ba shi ya riƙe aska ko ya ɗora bulo ba. In ya kwashe wannan ya zuba a Turanci yadda yake, sai magana ta canza. Ina tsaye wata rana wani malamin makaranta, mai Turanci sosai, ya ce wa likita *I removed my tooth yesterday*. Likitan ya ajiye biro, ya matso da kujera, ya tambaye shi da me ya cire, kuma ya tafasa abin kafin ya sa a baki? Ya ɗauka mutumin da hannunsa ya fizge haƙorin. Abin da malamin ke nufi shi ne *I got my tooth removed*. Kalma ɗaya aka ƙara, ɗaya aka mayar ƙarshe, amma ita ce ta raba wanda ya je wurin likitan haƙori da wanda ya yi wa kansa aika-aika.

In kuwa siga ta ukun ce ta manne wa *get* kai tsaye ba komai a tsakani, to abu ne ya faɗa wa mutum. A ɗakin taimakon gaggawa wannan ake ji daga safe har dare: *he got bitten by a snake*, maciji ya sare shi; *she got burnt*, ta ƙone; *he got hit by a car*, mota ta buge shi. Yawanci abin da ya zo ba zato ne, sau da yawa marar daɗi, ko da yake ana cewa *she got promoted*, an ƙara mata girma. Ba ta shiga inda ake maganar hali mai ɗorewa, shi ya sa ake cewa *it is believed that*, ba a cewa *it gets believed that*. Akwai kuma 'yan kaɗan da mutum shi ke yi wa kansa, irin *get dressed*, sa kaya, da *get lost*, ɓata a hanya.

Akwai jimloli biyu da nake so kowane ɗalibi ya rubuta su ɗaya a saman ɗaya ya zuba musu ido. *I got to see the doctor.* *I've got to see the doctor.* Ta farko: na samu damar ganin likita, an gama, har da ɗan farin ciki a ciki. Ta biyu: dole ne in ga likita, ban gan shi ba tukuna. Haruffa biyu ne tsakaninsu, kuma a maganar sauri ko jin su ba ka yi. Abin da ya taimake ni shi ne na lura cewa ta dolen ce kaɗai ake dunƙulewa a baki ta koma *gotta*, ta samun dama ba a dunƙule ta. Ita wannan *have got* dama mayaudariya ce: sigarta ta abin da ya wuce ce, ma'anarta ta yanzu. *I've got a headache* kaina yana ciwo ne a yanzu haka. In jiya ne, sai a jefar da *got* a ce *I had a headache*. In an tambaye ka *Have you got your card?* amsar ita ce *Yes, I have*, a tsaya nan.

Wani zai ce ya ji ana cewa *gotten*, shin kuskure ne? Ba kuskure ba ne, kuma tarihin kalmar ne ke ba da amsa. *Get* ba 'yar asalin Ingila ba ce. Daga harshen mutanen arewacin Turai ta zo, 'yan yankin Denmak da Norwe, waɗanda suka fara kai hari gaɓar Ingila a ƙarshen ƙarni na takwas, suka shigo da babbar runduna a 865, daga baya suka zauna a arewaci da gabashin ƙasar suka cakuɗu da mutanenta. A harshensu *geta* ake cewa, kuma ta fara bayyana a rubutun Turanci wajen shekara ta 1200. Su ne kuma suka ba Turanci *take* da *they* da *them*. *Gotten* ita ce tsohuwar siga ta uku. Turawan da suka ƙaura zuwa Amurka tun daga 1607 da ita suka tafi suka riƙe, a Ingila kuwa *got* ta ture ta, sai ɓurɓushinta ya rage a cikin *forgotten* da *ill-gotten*. Ba'amurke ma yana cin moriyar riƙe su biyun: in ya ce *I've got a car* yana da mota ne, in ya ce *I've gotten a car* ya samu mota ne kwanan nan. Ɗalibi ya zaɓi ɓangare ɗaya ya tsaya a kai, amma ya san ɗayan in ya ji shi.

Ban taɓo ƙananan kalmomin da ke manne mata su haifi sabuwar ma'ana ba, don su kaɗai sun isa wasiƙa guda. *Get up* tashi, *get over* warkewa daga ciwo ko baƙin ciki, *get along with* shiri da mutum, *get by* lallaɓawa da ɗan abin da ke hannu, *get rid of* rabuwa da abin da ya dame ka, *get away with it* cin bulus. Waɗannan haddace su ake yi ɗaya bayan ɗaya, kowace a cikin jimlarta, kamar yadda muka haddace "ci gaba" da "sha kan".

Akwai malamai da ke hana ɗalibai amfani da *get*, suna cewa Turancin malalata ne, a ce *receive* ko *obtain* ko *arrive*. Wannan ra'ayi ya daɗe, har a makarantun Ingila an yi shi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: waɗannan kalmomi ta hanyar Faransanci suka shigo bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, suka zama na fada da kotu da takardun hukuma, kuma har yau a takardar neman aiki *I received your letter* ta fi *I got your letter* kwarjini. A koya wa ɗalibi wannan, ban ƙi ba. Amma hana shi *get* gaba ɗaya zalunci ne, domin shi za a hana faɗa, ba za a hana duniya faɗa masa ba. Likita ba zai daina cewa *get her to take this* ba don malaminmu ba ya son kalmar. Kuma wurare da yawa babu abin da zai maye gurbinta: ba a cewa *obtain tired*, ba a cewa *receive dressed*. Yaron da aka tsorata da ita zai fito yana iya rubuta takardar koke mai kyau, amma a yi masa tambaya mai kalma huɗu ya tsaya yana duban hannuwansa.

Roƙona gare ku, Malam Edita, shi ne ku sake wa shafin nan tsari in an zo kan irin waɗannan kalmomi. Jerin kalma da fassararta yana da amfani ga sunaye: *chair* kujera ce ko'ina ka same ta. Amma *get* da *take* da *make* da *put* da *keep*, a ba kowace makonta ita kaɗai. A kawo cikakkun jimloli irin waɗanda mutane ke faɗa da gaske, a fassara jimlar ɗungurungum da Hausar da Bahaushe zai faɗa a wannan halin, ba kalma da kalma ba. Sannan a koya wa mai karatu ya riƙa tambayar kansa abu ɗaya duk inda ya ci karo da *get*: me ya biyo ta? Suna ne, ko sifa, ko wuri? Mutum ne, kuma akwai *to* a bayansa? Abu ne da siga ta uku? Ni da katin takarda na yi wannan, na rubuta gine-ginen a kai na sa a aljihun riga, duk lokacin da likita ya faɗi *get* sai in haƙura ya kai aya kafin in buɗe baki. Wata biyu ban cika ba na daina duba katin.

In fili ya yi muku ƙaranci a fitowa ta gaba, ko layi biyu ne ku taimaka ku buga a ƙarƙashin inda kuka rubuta "samu", ɗaya a saman ɗaya: *Get her*, kawo ta. *Get her to take this*, lallaɓa ta ta sha wannan.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara basira, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam,
Mai karatunku a kullum, tsohon tafintan asibiti.